Zazzaɓin Amfilifayar Baba

A layinmu Ƙaramin Aiki muke kiransa, kuma ba mu muka laƙaba masa ba, bakinsa ne ya jawo masa. Ko rufin ɗakinka ne ya yaye, ko motarka ce ta mutu a tsakiyar titi, kafin ka gama bayani zai karkace hula ya ce, "Wannan ai ƙaramin aiki ne." Shagonsa na jikin shagon askina, katako ne kawai ya raba mu. Batir yake sayarwa da ƙwan fitila da kwaɗo, kuma tunda batir yake sayarwa, ya yanke wa kansa cewa shi da wutar lantarki uwa ɗaya uba ɗaya suke. Ya taɓa gyara min injin aski. Har yau sai na buga shi da bango yake tashi.

Abu ɗaya ne yake cinsa a rai: surukinsa Baba, uban matarsa, bai taɓa yaba masa ba. Baba ba mugu ba ne, mutum ne dai mai ƙarancin magana. Idan Ƙaramin Aiki ya gama zuba a gabansa, sai ya ce "To," ya ci gaba da shan shayinsa.

Baba tsohon makaɗin jita ne. A zamanin ƙuruciyarsa suna da ƙungiya, ana gayyatarsu ko'ina, har wasu suka rasu, wasu suka watse, shi ma ya rataye jitar a bango. Da aka gyara zauren taron unguwarmu, sai kwamiti ya roƙi waɗanda suka rage, wato shi da mai ganga da mai ƙaho, su yi wasa ranar buɗewa. Baba ya amsa, ya shiga ɗaki yana ta motsa yatsunsa da suka fara rawa. Kowa ya san wannan hawan dandalin na iya zama na ƙarshe, kuma jikokinsa ba su taɓa jin kiɗansa ba.

Sai dai Baba ba ya kiɗa sai da Tsohuwa. Tsohuwa amfilifayarsa ce, wato na'urar ƙara sautin jita, akwati mai nauyin buhun siminti. Fatar jikinta ta ɓare a kusurwoyi, ƙyallen gabanta ya koma launin shayi, a bayanta kuma akwai kwalaben gilashi da ke yin ja idan an kunna ta. Muryarta a dishe take, mai kauri, kuma dishewar nan ita ce abin da Baba yake so.

Ana gobe taro Baba ya kira surukinsa.

"Ɗana, ga Tsohuwa. Ramin da ake soka igiyar jita ne ya saki, sai an danne take magana. Ka kai wa mai gyaran rediyo na bakin kasuwa ya ɗaure shi. Ramin kaɗai. Kada ya taɓa mata komai."

"An gama, Baba. Ku kwantar da hankalinku."

Ina cikin yi wa wani direba aski na ga ya turo ta a baro, ya sauke a ƙofar shagonsa.

Na ce, "Hanyar kasuwa ai can take."

"In kai kayan surukina wajen mutumin da tabaransa ma da zare yake ɗaure? Gobe Baba zai san wa ya ba 'yarsa. Wannan ƙaramin aiki ne."

Tela ya leƙo daga nasa shagon, mai kanti ma ya jawo benci. A layinmu idan Ƙaramin Aiki ya ɗauki sukundireba, kasuwa tsayawa take yi.

Ya jona ta ya kunna. Shiru. Ya murɗa nan, ya murɗa can, ya ɗan kai mata ƙafa. Can sai ta fara wani gurnani ƙasa-ƙasa. Ya taɓa bakin igiyar da yatsa, ta yi "burrr," ta ɗauke. Ya zagaya baya, ya ga kwalaben sun yi jawur, ya kai hannu ya cafki ɗaya.

Tsallen da ya yi ko akuya sai haka. Ya cusa yatsunsa a baki, ya zaro, ya ɗaga su sama.

"Na gano ciwon! Zazzaɓi ne!"

Tela ya ce, "Zazzaɓi kuma?"

"Taɓa ka ji. Shekara da shekaru baiwar Allah tana fama da zafin jiki, ba wanda ya lura. Shi ya sa muryarta ta dishe, shi ya sa take ɗaukewa. Wane rami? Ramin lafiyarsa ƙalau."

"Ni dai na taɓa ji an ce irin waɗannan sai sun yi zafi suke aiki, kamar dutsen guga."

"Kai da allura aka san ka. Na taɓa zuwa na ce ka karkata aljihu?"

"Ka taɓa."

"To ban da wannan ranar."

Bai nemi izini ba ya shigo ya zare fankata. Direban da nake wa aski ya ce, "Malam, zufa fa nake yi." Ya ce masa akwai marar lafiya a waje. Ya saita fankar a bayan Tsohuwa, ya ƙure ta. Ƙurar da ta kwanta a cikin akwatin tun kafin a haife shi ta tashi gaba ɗaya, ta nufi shagon tela, ta sauka a kan farin yadin da ya shimfiɗa zai yanka. Wata busasshiyar tsaka ta biyo baya ta faɗa cikin kofin shayin mai kanti.

Tela ya fito da almakashi a hannu. "Yadin mutane ne fa!"

"Ka gode wa Allah, dattin ciwon ne ya fita."

Amma kwalaben suna nan jawur. Sai ya ce ciwon ya yi nisa, sai an yi tiyata. Ya zare filogi ya nuna mana shi ɗaya bayan ɗaya, kamar mai dabo.

"Kun gani? Babu wuta. Yanzu ko jariri zai iya sa hannu a ciki."

Ashe irin waɗannan akwatunan suna ajiye wuta a cikinsu ko an zare filogi. Mu ba mu sani ba, shi ma bai sani ba, amma shi ya fara sani. Ya zura sukundireba, muka ji "ƙas!" sai ga shi zaune cikin kwalin kwaɗo, hula a gefe, idanu a waje.

Mai kanti ya ce, "A kawo jaririn?"

Ya daɗe yana haki kafin ya ce, "Gwaji na yi. Tana da rai."

Da mutum ne mai jin magana, a nan zai mayar da ita baro. Sai ya sake kunna ta don ya ga ko tiyatar ta yi, kwalaben suka sake yin ja, ransa ya ɓaci. Idonsa ya sauka a kan bokitin ƙanƙarar da mai kanti ke jiƙa lemo a ciki.

Na ce, "Kada ka yi abin da nake tunani."

"Idan ɗanka ya yi zazzaɓi me kake masa? Ba ruwan sanyi ba?"

Ya kashe ta, ya sa tsumma ya zaro babbar kwalbar tana turiri, ya tsoma ta cikin bokitin. Ƙarar ba ta da yawa. "Tas," kawai. Ya ɗago ta, ga tsaga tun daga sama har ƙasa, ɗan azurfan da ke samanta ya koma fari kamar alli.

Muka matso muna leƙen kwalbar. Sai can mai kanti ya ce, "Zazzaɓin dai ya sauka."

A guje ya tafi bakin kasuwa, wajen mai tabarau da zare. Ya dawo jiki a sanyaye. An ce masa irin wannan kwalbar sai an aika nesa, ba ta zuwa yau, ba ta zuwa gobe. Ya naɗe fasasshiyar a takarda ya cusa a aljihun wando, ya zauna ya yi tagumi. Wallahi na tausaya masa, har na ce ya tashi in raka shi wajen Baba mu faɗi gaskiya.

Ya ɗago kai. Da na ga idonsa yana ƙyalli, na san tausayina ya tafi a banza.

"Wa ya ce gyara zan yi? Zamanantar da ita zan yi."

Ya je gida ya dawo da leda, ya rufe shago. Na leƙa ta tsagar katako. 'Yar sifikar bulutut ce ta matarsa, wadda take jin labarai da ita a kicin, ya ɗaure ta da salatif a cikin akwatin, ya haɗa mata igiyar jita ta baya. Ya manna jar fitilar keken ɗansa a gurbin kwalbar don ta riƙa yin ja. Sannan ya lallaɓa tela ya ɗinka wa akwatin riga da wani yadi mai manyan furanni, don kada a ga ciki.

Na ce ta tsagar, "Zan faɗa wa Baba."

"Faɗa. Ka tuna dai wutar shagonka ta nawa take bi."

Na koma na ci gaba da share gashi.

Washegari da rana zauren ya cika har waje. An jera kujerun roba, an ɗaura manyan lasifikoki a kan rufi don na titi su ji. Matar Ƙaramin Aiki ba ta iso ba tukuna, tana gida tana ƙarasa wanki, gidansu kuwa bayan zauren yake. Shi kuma tuni ya hau dandali cikin sabuwar riga mai sitati, yana ba masu ɗaukar kaya umarni.

Baba ya hau a hankali, sanye da tsohuwar kwat ɗinsa, ya tsaya yana kallon furannin.

"Wa ya ɗaura wa Tsohuwa zane?"

"Ni ne, Baba. Saboda ƙura. Ku zauna abinku, ni zan haɗa komai."

Baba ya ɗora tafin hannu a kanta. Ya ɗan sunkuya ya shaƙa.

"Ka kunna ta?"

"Tun ɗazu, Baba. Ga jan nan ana hangowa."

"A sanyaye take. Kuma ban ji warinta ba."

"Ai nan gwanintar take."

Kafin Baba ya sake magana ya fizge makirufo daga hannun mai gabatarwa.

"Jama'a, salamu alaikum. Wannan na'ura da kuke gani ta girme ni, kuma ta yi shekaru tana fama da ciwon da manyan masu gyara suka kasa ganowa. Jiya aka kawo min ita. Ba zan yabi kaina ba, kunnuwanku za su yaba min. Yau za ku ji muryar da ko Baba bai taɓa ji ba."

A nan kam bai yi ƙarya ba. Baba ya shafa igiyoyin jitar, sai wata 'yar siririyar ƙara ta fito, kamar sauro a cikin gwangwani. Mai ganga ya dubi mai ƙaho. Na bayan zaure suka fara cewa ba a ji.

"Tana ɗumama murya ne," in ji Ƙaramin Aiki. Ya jawo makirufon ya manna shi a jikin furannin.

Mai ganga ya buga, dandalin ya girgiza, fitilar keken ta sauya salo. Ta fara walƙawa tana ɗaukewa ta cikin yadin. Wata dattijuwa a layin gaba ta ja jikarta jiki ta ce, "Akwatin nan fa ƙifta mana ido yake."

"Sabon tsari ne, Inna, yana bin kiɗa."

Bai rufe baki ba wata mata ta yi magana daga cikin akwatin, da yaren waje, a natse, tana sanar da duk unguwa cewa cajinta ya kusa ƙarewa.

Mai ƙaho ya sauke ƙahonsa. "Yaushe Tsohuwa ta yi karatu?"

Dariya ta fara tashi. Baba bai yi dariya ba. Ya sake gyara zama, ya kama jitar, ya buga farkon waƙarsu, wadda duk wani mai furfura a zauren ya sani. Sai zakara ya yi cara. Daga cikin Tsohuwa ya yi, ta makirufo, ta lasifikokin rufi, har kajin maƙwabta suka amsa.

Duk layinmu mun san caran nan. Ƙarar wayar Ƙaramin Aiki ce, kuma 'yar sifikar ta saba da wayarsa, tana jin ta kusa ta kama ta. Ya zaro wayar zai kashe, yatsan da ya ƙone ya zame, ya amsa.

"Baban yara?" Muryar matarsa ta cika zauren. "Wai ina sifikata ta kicin? Na birkice gidan nan ban gan ta ba."

Ya yi ta danna wayar, ba abin da ya dannu.

"Kuma yaron nan tun safe yake kuka, an cire masa fitilar keke. Kana jina? Sannan wace fasasshiyar kwalba ce wannan a aljihun wandonka? Saura kaɗan ta yanke ni. Kamar irin na bayan akwatin Baba ce fa. Tsaya. Me ya sa nake jin muryata tana fitowa daga zaure?"

Zauren ya kece. Mai kanti ya faɗo daga kujera. Tela ya rufe fuska da hula, don furanninsa ne a kan dandali. Ƙaramin Aiki ya tsaya ƙiƙam da waya a hannu, zufa ta jiƙa sitatin.

Baba ya jingine jitarsa. Ya tuɓe wa Tsohuwa rigar furanni, ya ninke ta, ya ajiye. Ya ɓamɓare sifikar ya ajiye a kai. Ya ɓamɓare fitilar, tana ta ƙifta ido, ya ajiye. Sannan ya tsaya yana kallon gurbin da babu kwalba. Dariyar ta mutu da kanta. Na ji kunya ta kama ni, domin da bakina ya buɗu jiya da dattijon nan bai tsaya haka a gaban jama'a ba.

"Baba, wato, zazzaɓi ne ya..."

"To," in ji Baba.

Ya buɗe jakar jitarsa, ya laluba can ƙasa, ya zaro wata tsohuwar safa. Ya warware ta, sai ga kwalba.

"Tun ina saurayi ban taɓa hawa dandali babu ta ajiya ba," ya ce wa mai ganga, ba wa surukinsa ba.

Ya zaunar da ita a gurbinta, ya soka igiyar jita a raminta na asali, ya kunna. Shiru. Ƙaramin Aiki ya ɗaga ƙafa zai ɗan taɓa ta, Baba ya dube shi, ya mayar da ƙafar.

"Jira ake yi. Sai ta yi zafi."

Muka jira, zaure guda. A hankali kwalaben suka yi ja, gurnanin ya taso. Baba ya lumshe ido ya shaƙi warin ƙura mai ɗumi, ya buga. Muryar ta fito, a dishe, mai kauri, har cikin ƙirjina na ji ta. Wani tsoho a bayana ya ce, "Ita ce!" Sai ta ɗauke.

Baba ya juya. "Ramin fa?"

"Wane... au. Ban kai gare shi ba, Baba."

"Aiki ɗaya na ba ka."

"Haka ne, Baba."

"Zo nan. Tsuguna. Kawo yatsanka. Danne nan. Idan ka saki, kiɗa ya tsaya."

Ramin a saman akwatin yake ta baya, don haka sai da ya tsuguna daidai bakin kwalaben, zafinsu na dukan fuskarsa. Ya danne. Tsohuwa ta buɗe murya, mai ganga ya shiga, mai ƙaho ya biyo, yatsun Baba suka manta da rawar tsufa. Tsofaffi suka miƙe. Na hango matar Ƙaramin Aiki a bakin ƙofa, hannunta da sauran kumfar wanki. Da faɗa ta zo, amma ta tsaya tana share hawaye da gefen mayafi, tana nuna wa 'ya'yanta kakansu.

Zufa ta gangaro wa Ƙaramin Aiki cikin ido. Ya saki don ya share, kiɗa ya yanke.

"Danne!" in ji Baba.

Ƙuda ya sauka a hancinsa, ya kai hannu, kiɗa ya yanke.

"Danne!" Wannan karon rabin zauren ne.

Zuwa waƙa ta gaba abin ya zama amshi. Ko bai saki ba, idan ganga ta yi sara, sai jama'a su haɗa baki su ce "Danne!" Ni kuma na ari mafici a wajen dattijuwar layin gaba, na hau dandali na tsaya a kansa ina yi masa fifita.

Ya ce ta gefen baki, "Me kake yi?"

"Kada zazzaɓi ya kama ka. Ko in kawo bokitin ne?"

Bai saki ba. Har aka gama, ƙafafunsa suka yi tsami, rigar ta manne a bayansa, bai sake saki ba. Da tafi ya lafa, Baba ya kashe Tsohuwa, ya shafa kanta, ya dubi surukinsa da ke ƙoƙarin miƙewa yana dafa bango.

"Yau ka yi aiki, ɗana."

Fuskarsa ta washe. Ya kai hannu zai karkace hula. "Haba Baba, wannan ai ƙaramin..."

Matarsa ta yi gyaran murya. Ya haɗiye sauran.

Washegari ita da kanta ta tura Tsohuwa a baro zuwa wajen mai gyara na bakin kasuwa. Shi kuwa tun da safe yana shagona, yatsa a sanƙare, yana nuna wa duk wanda ya zauna aski.

"Kun ga wannan? Jiya da shi aka yi wasa. Ni da Baba muka riƙe zauren nan. Da na ɗaga shi, ko sauti ɗaya ba za ku ji ba."

Na buɗe baki zan ƙaryata shi kamar kullum, na rasa ta inda zan kama, domin duk abin da ya faɗa haka aka yi. Sai tela ya leƙo ta taga ya ce, "Danne, zo ka karɓi rigar furanninka."

Ya waiga kuwa, ya amsa.